Kuɗin Koyon Farfaɗo da Zuciya: Me Ya Sa Yake da Tsada, Wa Kuma Ya Kamata Mu Tura?

'Yan'uwa, akwai wata irin wasiƙa da takan zo gaban dattawan ikilisiya da kwamitocin lafiya na ƙauyukanmu. Mai rubuta ta ɗan gari ne ko 'yar gari, nas ko ungozoma ko likita, wanda wataƙila ikilisiya ce ta taimaka da kuɗin makarantarsa tun farko. Yana roƙon a agaza masa ya je birni ya yi wani kos mai suna ACLS. Kos ɗin kwana biyu ne kacal. Amma da zarar sakatare ya karanta yawan kuɗin, sai ɗakin taro ya yi tsit. Wani dattijo ya fara lissafin buhun masara nawa ke nan. Wata uwa daga zumuntar mata ta tambaya ko wannan kuɗin ba zai gyara rufin ɗakin haihuwa ba.

Duka biyun suna da gaskiya. Mai wasiƙar ma ba ƙarya ya yi ba. Domin haka muka ga ya kamata mu bayyana abin da ake koya a wannan kos, inda kuɗin yake tafiya, da yadda jama'a masu ƙaramin ƙarfi za su yanke shawara ba tare da an yi asara ko an ɓata zumunci ba.

Mece ce tsayawar zuciya?

Zuciya famfo ce. Akwai ɗan lantarki a cikinta da yake sa ta matse ta saki, ta tura jini zuwa ko'ina a jiki. Idan wannan lantarki ya rikice, zuciya takan daina tura jini farat ɗaya. Mutum ya yanke jiki ya faɗi, a kira shi bai amsa ba, numfashi ya ɗauke ko ya koma shaƙuwa jefi-jefi. Wannan ita ce tsayawar zuciya. Ciwon zuciya yana kawo ta, haka ma zubar jini mai yawa bayan haihuwa ko haɗarin mota, da nutsewa a ruwa, da jan lantarki, da shaƙewa.

Ƙwaƙwalwa ba ta jure rashin jini. Cikin minti 4 zuwa 6 takan fara lalacewa. Kowane minti da ya wuce ba a yi kome ba, damar tsira tana raguwa da kimanin kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Ku gwada wannan da nisan da ke tsakanin ƙauyenku da babban asibiti. Ko da babur ne, ko da rani ne, minti goma ba ya kai mutum.

A dā, idan zuciya ta tsaya, sai dai likita ya tsaga ƙirji ya matsa ta da hannu. A shekarar 1960 wani likita da injiniyoyi biyu a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka suka nuna cewa danna ƙirji daga waje da ƙarfi yana iya tura jini zuwa ƙwaƙwalwa. A wannan shekarar kuma wani mai yin kayan wasan yara a ƙasar Norway, Asmund Laerdal, ya ƙera mutum-mutumi na roba domin a riƙa koyo a kansa. Daga nan aka fara koya wa mutane wannan aiki a ko'ina cikin duniya.

Matakai uku na koyo

Za mu iya kwatanta wannan horo da tsani mai matakai uku.

Mataki na farko na kowa ne: manomi, malamin makaranta, direba, mai aikin majami'a. Ana koyon gane cewa zuciya ta tsaya, da neman taimako, da danna ƙirji. Awa ɗaya ko biyu sun isa.

Mataki na biyu na ma'aikatan lafiya ne, ana kiransa BLS. Ana koyon danna ƙirji sau 30 da hura iska sau 2, da amfani da jakar hura iska, da taimakon jariri da yaro da wanda abinci ya shaƙe, da amfani da ƙaramar na'urar da ke ba zuciya lantarki. Rabin yini ne zuwa yini guda.

Mataki na uku shi ne ACLS. Ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka, wato AHA, ita ce ta tsara shi a tsakiyar shekarun 1970. An yi shi ne domin likitoci da nas-nas da ke aiki a ɗakin gaggawa, da ɗakin tiyata, da ɗakin kulawa ta musamman. Ana koyon karanta layin bugawar zuciya a allon na'ura, a gane lokacin da ya kamata a ba da lantarki da lokacin da bai kamata ba. Ana koyon magungunan da ake yi ta jijiya, kamar allurar adrenalin da ake maimaitawa kowane minti 3 zuwa 5. Ana koyon buɗe hanyar numfashi, da neman abin da ya tsayar da zuciyar, da kula da mutum bayan ta dawo. Ana kuma koyon yadda mutum biyar ko shida za su yi aiki tare, kowa da nasa, ɗaya yana shugabanta. Ba a hawa wannan mataki sai an ƙware a na biyu.

Ina kuɗin yake tafiya?

A Amurka, kos ɗin ACLS na farko yakan ci wajen dala 200 zuwa 300. A nan gida farashi ya bambanta daga cibiya zuwa cibiya, amma yana bin dala, gama yawancin kayan daga waje suke zuwa. Tun da gwamnati ta saki farashin naira a watan Yuni na 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura naira 1,500 a 2024. Mu yi lissafi: dala 250 a kan naira 1,500 ya zama naira 375,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne. Ke nan kuɗin ya fi albashin wata biyar na ƙaramin ma'aikaci. Ko da cibiya ta nan gida ta rage, abin da ya saura ba ƙarami ba ne.

Ga abubuwan da suke cin kuɗin:

Littafi da katin shaida. Kowane ɗalibi yana bukatar littafin kos na kansa, kuma cibiyar horo tana sayen katin shaida daga ƙungiyar da ta ba ta izini. Da kuɗin waje ake biyan waɗannan.

Kayan koyo. Mutum-mutumin da ake amfani da shi a ACLS ba irin na mataki na farko ba ne. Ana haɗa shi da na'urar da ke nuna bugawar zuciya iri-iri, ana sa masa bututun numfashi. Shi da na'urar lantarkin suna cin dubban daloli, suna lalacewa, kayan gyaransu kuma daga waje suke zuwa.

Malamai. Ba a tara mutum hamsin a gaban malami ɗaya. Kowane malami yana da ɗalibai kaɗan, wajen shida, domin dole ya ga hannun kowa yana aiki, ya kuma gwada kowa shi kaɗai. Malaman likitoci ne da nas-nas da suka bar aikinsu suka zo, su ma suna biyan kuɗi su sabunta izininsu na koyarwa.

Wuri da wuta. Akwai hayar ɗaki, da abinci, da man janareta.

Bayan waɗannan akwai kuɗin da ba a rubuta a takardar cibiya ba, wanda yakan fi damun mutumin ƙauye. Cibiyoyin suna manyan birane ne, irin su Abuja da Legas. Akwai kuɗin mota zuwa da dawowa, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. Akwai masauki na kwana uku ko huɗu. Idan katin BLS na mutum ya ƙare, sai ya fara biyan wannan tukuna. Kuma duk kwanakin da ya yi a can, ɗakin shan magani yana rufe ko yana hannun mutum ɗaya.

Abu na ƙarshe shi ne wanda mutane da yawa ba su sani ba: katin ba na har abada ba ne. Na AHA yana aiki shekara 2 ne, sai a koma a sabunta. Domin ma'aikaci ya riƙe kati mai aiki na shekara goma, zai biya sau biyar. Ba zalunci ba ne. An lura cewa wanda ba ya yin wannan aiki kullum yakan fara mantawa cikin watanni shida zuwa shekara guda, kuma ana sake duba ƙa'idodin gaba ɗaya kowace shekara biyar, kamar yadda aka yi a 2015 da 2020 da 2025. Amma ikilisiyar da ta biya na farko ta sani za a sake dawowa.

Takarda ba ta aiki ita kaɗai

A nan ne muke so ku natsu. Mutum yana iya cin jarrabawar ACLS da kyau, ya dawo ɗakin shan magani na ƙauye, ya kasa amfani da yawancin abin da ya koya. Ba laifinsa ba ne. Ya koyi karanta allon na'ura, amma babu na'urar. Ya koyi ba da lantarki, amma na'urar lantarkin ko ƙarama ce takan haura dala 1,000, batirinta da faifan da ake mannawa a ƙirji kuma suna da ranar ƙarewa. Ya koyi shugabantar mutum biyar, amma da dare shi kaɗai ne da fitila. Ko da zuciyar ta dawo, marar lafiyar yana bukatar iskar oksijin da kulawa ta kusa na kwanaki, sai an kai shi babban asibiti. Kamar a koya wa mutum tuƙin tarakta ne, a mayar da shi gona da fartanya.

Mu faɗi wata gaskiya kuma. Ko a Amurka, inda motar asibiti takan iso cikin mintoci, kimanin mutum 1 ne cikin 10 yake rayuwa idan zuciyarsa ta tsaya a wajen asibiti. A cikin asibiti kuwa kimanin 1 cikin 4 ne. Saboda haka idan nas ta yi iyakar ƙoƙarinta mutum bai tashi ba, kada a ce kuɗin da aka kashe mata ya tafi banza, kada kuma a zarge ta da rashin iya aiki.

Wa ya kamata a tura?

ACLS yana da amfani ƙwarai a inda ya dace. Babban asibiti ko asibitin mishan da muke kai marasa lafiyarmu, inda ake tiyata, ake sa wa mutane maganin barci, ake fiɗa a ciro jariri, lalle yana bukatar ma'aikatan da suka yi wannan kos. A can zuciya takan tsaya a gaban idon ma'aikata, kayan aiki suna kusa, damar ceto tana da yawa. Idan mai wasiƙar yana aiki a irin wannan wuri, roƙonsa yana kan hanya. Ya fi kyau ma a tura mutum biyu ko uku daga asibiti ɗaya, gama aikin na ƙungiya ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ikilisiyoyin da suke amfani da asibitin su haɗa hannu da hukumar asibitin, kada nauyin ya faɗa a kan ƙauye ɗaya.

Amma idan ɗakin shan magani na ƙauye ne, kuɗin zai fi ceton rai a matakai na ƙasa. Ga misali. Kimanin jariri 1 cikin 10 yana bukatar taimako kafin ya fara numfashi. A 2010 aka fito da wani gajeren horo domin ungozomomi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, mai suna Helping Babies Breathe, ma'ana taimaka wa jarirai su yi numfashi. Ana koyon tsane jariri, da shafa bayansa, da hura masa iska da ƙaramar jaka cikin minti na farko. Ba a bukatar lantarki. Da aka gwada shi a asibitoci takwas na ƙasar Tanzaniya, sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Jakar da 'yar tsanar koyo ba su kai kusa da kuɗin kayan ACLS ba.

Haka kuma kuɗin da zai kai mutum ɗaya birni yana iya kawo malami ɗaya ƙauye ya koya wa dukan ma'aikatan yankin BLS. Yana iya sayen jakar hura iska ta manya da ta jarirai, da na'urar awon jini. Hawan jini yana cikin manyan abubuwan da ke lalata zuciya, kuma yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Idan awo ya riƙa kai 140 bisa 90 ko fiye, mutum ya ga ma'aikacin lafiya. Awon jini bayan sujada sau ɗaya a wata, da rage gishiri da dunƙulen miya, da shan magani ba fashi, za su hana zukata da yawa tsayawa. Rigakafi ya fi magani.

Kafin a fitar da kuɗi

Idan kwamiti ya yarda zai taimaka, ga tambayoyin da ya kamata a yi. Ba na rashin yarda ba ne, na riƙon amana ne.

1. A ina mai neman yake aiki? Akwai na'urar lantarki ta zuciya da iskar oksijin da magunguna a wurin?

2. Ya riga ya yi BLS? Katinsa yana aiki?

3. Cibiyar tana da izini daga ƙungiyar da take ambata? A nemi farashi a rubuce, a ga ko littafi da kati suna ciki.

4. Za a gwada shi da hannu a kan mutum-mutumi? Akwai masu tallan katin ACLS mai araha a intanet, a biya yau a samu yau. AHA ba ta ba da katin ACLS sai an yi gwajin hannu, ko da an yi karatun ta kwamfuta. Katinta na gaskiya yana da lamba da ake iya dubawa a shafinta. Araha ba ta ado.

5. Wa zai biya kuɗin sabuntawa bayan shekara 2?

6. Me zai kawo wa jama'a idan ya dawo? A yi yarjejeniya ya riƙa maimaita abin da ya koya tare da abokan aikinsa kowane wata, ya kuma koya wa jama'a mataki na farko.

7. Zai zauna? Mu faɗi wannan a fili. Wasu suna neman katin ne domin manyan asibitocin birni da na ƙasashen waje suna tambayarsa kafin su ɗauki ma'aikaci. Neman ci gaba ba laifi ba ne, albashin ma'aikatanmu kuma mun san yadda yake. Amma idan baikon gwauraye da manoma ne zai biya, daidai ne a rubuta cewa zai yi aiki a nan na wani lokaci, ko kuwa ya mayar da kuɗin a hankali domin a tura wani.

Kada kuma mu manta da haƙƙinmu a wurin gwamnati. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusu na musamman domin kiwon lafiya a matakin farko. Ta ware kashi 10 cikin 100 na asusun domin bunƙasa ma'aikatan lafiya na wannan mataki, da kashi 5 domin jinyar gaggawa. Dokar ta kuma hana asibiti ya ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa. Kwamitin lafiya na gunduma yana da iko ya je sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya tambaya wane horo aka shirya wa ma'aikatansa. A kai roƙon a rubuce, a kuma riƙa bibiya.

Abin da kowa zai iya yi ba tare da ko kwabo ba

Duk ƙwarewar likita, ba zai iya ceton ƙwaƙwalwar da ta yi minti goma sha biyar babu jini ba. Wanda yake tsaye kusa shi ne na farko. Tun 2008 AHA take koyar da cewa idan babban mutum ya faɗi farat ɗaya, danna ƙirji kaɗai yana taimakawa, ko ba a hura iska ba. Ga yadda ake yi:

Ku tabbata wurin ba shi da haɗari, musamman idan akwai wayar lantarki. Ku girgiza kafaɗarsa, ku kira shi da ƙarfi. Idan bai amsa ba, kuma ba ya numfashi ko shaƙuwa kawai yake yi, ku aiki mutum ɗaya ya kira ma'aikacin lafiya, wani ya nemo mota. Lambar gaggawa a Najeriya ita ce 112.

Ku kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, ba a kan katifa ba. Ku sa gindin tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a bisa, ku miƙe gwiwar hannu. Ku danna da ƙarfi, zurfin santimita 5 zuwa 6, wato kamar tsawon kwalin ashana. Ku yi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, kusan sau biyu kowace daƙiƙa. Ku bar ƙirjin ya dawo bayan kowace dannawa. Aikin yana gajiyarwa, sai a riƙa canja hannu kowane minti biyu, kada a tsaya sai ma'aikaci ya karɓa ko mutumin ya fara motsi.

Kada a ɗura masa ruwa ko man ja ko wani jiƙo. Kada a cusa masa cokali a baki. Kada a ɓata lokaci wajen fifita da yayyafa ruwa. Yaro da wanda aka ciro daga ruwa kuwa suna bukatar a hura musu iska ma, shi ya sa ya kamata a koya da hannu a gaban wanda ya iya. Karatu kaɗai bai isa ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa a ƙungiyoyinku

1. Idan wani ya faɗi a majami'a ko a kasuwa yau, wa zai fara taɓa shi? Ya san abin da zai yi?

2. Minti nawa ne daga ƙauyenmu zuwa babban asibiti, da rani da kuma da damina? Motar wa za a nema da dare, wa yake da lambar direban?

3. Akwai jakar hura iska ta jarirai a ɗakin haihuwarmu? Yaushe aka duba ta?

4. A matakai ukun nan, a ina ma'aikatanmu suke, a ina mu kanmu muke?

Bayan kun tattauna, ku gayyaci ma'aikacin lafiyarku ya zauna da ku, ku ji ta bakinsa. Sa'an nan ku sa rana ɗaya bayan sujada, ku share wuri, ku shimfiɗa tabarma, maza da mata da matasa kowa ya gwada danna ƙirji da hannunsa a kan mutum-mutumin koyo, ba a kan mai rai ba.